Ɓargon Sauda

Katanga ɗaya ce tsakanina da Sauda, ita ma ta zabge daga tsakiya tun wata damina, muka ƙi gyarawa saboda ta nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi. Shekara goma sha shida ke nan muna maƙwabtaka a Gidan Marke, ƙauyen da ke gab da dam ɗin Watari. Ni Kulu, kowa ya san bakina ba ya ajiye magana. Ita kuwa sai ka wuni da ita ba ka ji abin da ke cikinta ba. Wannan labarin ma mutum ɗaya ta hana ni faɗa wa, kuma shi ne ya fi kowa cancantar ya ji. Sauran jama'a ba ta ce komai a kansu ba, don haka na samu ƙofa.

Sauda 'yar fari ce. Mahaifiyarta Halimatu irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in dole ta yi maganarta sai ta ce "yarinyar nan". Da aka tashi yaye sai aka kawo Sauda nan garin wurin Gwaggo, yayar mahaifinta, wadda Allah bai ba wa haihuwa ba. Da niyyar 'yan watanni aka kawo ta. Ana haka uban ya samu aikin gini a Ungogo, ya kwashe iyalinsa ya koma can, ya ƙara aure, gida ya cika da yara, ba wanda ya sake tayar da maganar ɗauko ta. Sau uku kacal Sauda take iya tuna zuwan mahaifiyarta. Ta ce kowane zuwa sai ta zauna a bakin gadon Gwaggo tana kallon ƙofa, in Sauda ta kawo mata ruwa ta karɓa ba ta ɗago kai ba.

Halimatu ta yi ta haihuwa suna komawa, sai bayan shekara goma sha uku ta samu wanda ya tsaya, Muntaka. Yana da shekara biyar ta rasu. Ba wanda ya ɓoye masa cewa yana da yaya ciki ɗaya, ba kuma wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa. Ya tashi cikin 'yan'uwansa na uba, yana jin ana cewa "Sauda ta gidan Gwaggo", ya ɗauka 'yar Gwaggon ce. Ita ta sani sarai. Amma wanda ba a neme shi ba, da wace fuska zai je ya ce ga ni? Haka ta yi shiru shekara talatin.

Ta auri Malam Yahya mai noman albasa, suka yi shekara goma sha tara babu ko ɓari. Mutumin kirki ne, bai taɓa goranta mata ba. Da ya rasu ta dawo gidan Gwaggo ta yi jinyarta har ita ma ta cika. Aka bar ta ita kaɗai a gida mai ɗaki uku, da awaki huɗu, da kaji, da manyan tukwane biyu.

Tukwanen nan su ne sana'arta. Duk biki ko suna a yankinmu, Sauda ce mai girki. Ta iya raba nama yadda ba wanda zai yi gunaguni, wannan kuwa ba ƙaramin ilimi ba ne a garinmu. Tana da ɗan gatarinta na fasa ƙashi, ba ta ba kowa aronsa. Sai ta ɗora ƙashin saniya a kan turmi ta ba shi sara ɗaya, ya tsage, ɓargon ya bayyana. Tsofaffi su zuƙe, a tara ƙasusuwan a bayan danga karnuka su kwashe. Ta yi wannan aikin ya fi shekara ashirin. Ana gama rabo take wanke tukwanenta ta koma gida, ba ta tsayawa kiɗa.

Bara, bayan an gama yankan gero, wata mota ta tsaya a ƙofar gidanta. Wani tsoho ya fito, Baba Uwaisu, ƙanen mahaifinta, tare da wata matashiya mai tabarau da aka ce ita ce Rumaisa matar Muntaka. Ni kuwa na tuna ina da buƙatar aron rariya, na tsallaka.

Muntaka dai ya yi karatu, ya bi ta makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa har ya zama injiniya, yana da 'ya'ya uku. Sankarar jini ce ta kama shi, yana kwance a wani asibiti a Abuja. An yi magani ciwon ya lafa ya dawo, likitoci suka ce abin da ya rage shi ne dashe daga jikin ɗan'uwansa. To kun san mu da kalmar ɗan'uwa. Mutum goma sha bakwai aka cika mota da su, har da ɗan ƙanwar matar baba da wani da suka yi makarantar allo tare. Likita ya dube su ya ce shi waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da mara lafiya yake nufi, domin a nan aka fi samun dacewa, a nan ɗin ma ba kullum ba. Aka dubi juna. Duk da haka an gwada 'yan uban, ba wanda ya dace. A nan ne Baba Uwaisu ya ce ai akwai Sauda. A kan gadon asibiti Muntaka ya fara jin cewa yana da yaya.

Rumaisa ta yi bayani cikin ladabi, idonta duk ya kumbura. Ta faɗi sunan aikin da Turanci, sai ta ga ba mu gane ba, ta fassara mana iyakar iyawarta.

"Ɓargo ne, Yaya. Nasa ya lalace. In naki ya dace, za a ɗiba a saka masa."

Sauda ta ce to. Ta murza bakin zaninta, sannan ta tambaya ko Muntaka ne da kansa ya ce a zo wurinta. Rumaisa ba ta iya ƙarya ba, ta ce Baba ne ya tuna, amma shi ma ya ji daɗi ƙwarai. Sauda ta sake cewa to. Washegari aka kai ta Kano aka ɗebi jininta a ɗan kwalba, aka dawo da ita kafin la'asar.

Bayan mako uku wayata ta yi ƙara, don Sauda ba ta da waya. Rumaisa ce, tana kuka tana dariya. Ta ce an dace, dacewar da likitoci suka ce ba su cika ganin irinta ba, za a turo mota nan da kwana goma.

Daga ranar Sauda ta shiga wasu abubuwa da ban fahimta ba da farko. Ta koro min awakinta huɗu ta ce in riƙe. Na ce har ta dawo? Ta ce in dai riƙe. Tukwanen ta kai wa Tahira, abokiyar girkinta, ta haɗa mata da gatarin da ko taɓawa ba ta bari a yi. Kajin ta raba wa matan unguwa. Sannan ta bi gida gida tana neman yafiya, har gidan matar da suka yi sa-in-sa a kan ludayi shekara tara da suka wuce. Mutane suka ce halin mutanen da ne, ba sa tafiya mai nisa sai sun yi sallama. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da ta dawo daga kasuwar Bagwai na leƙa ledarta, kamar yadda na saba, na ga farin yadi sabo a naɗe.

Na tambaye ta na mene ne. Ta karɓe ledar ta ɗaure bakinta, ta zauna a kan turmi.

"Kulu, shekara nawa ina fasa ƙashi? Kin taɓa ganin wanda aka zuƙe ɓargonsa ya sake moruwa?"

Sai a lokacin na gane. A saninta za a fasa ƙasusuwanta ne a kwashe abin da ke ciki a zuba wa Muntaka, ita kuma in ba ta mutu a take ba, ta ƙare rayuwarta a kwance. Kada ku yi mata dariya, don ni ma da nake ganin kaina wayayya, har na yi ajin yaƙi da jahilci, ban san wani ɓargo ba sai wanda ake sha a miya. Na ce mu kira Rumaisa mu tambaya dalla-dalla. Ta ce kul. In ta tambaya za a ce tsoro take ji, a ce dama ba a gidan ta tashi ba, ina za ta san zafin ɗan'uwa. Na ce to ta fasa, ai ba dole. Ta ce shi yara uku zai bari, ita wa za ta bari?

Na yi faɗa, na yi kuka, na kira ta da sunayen da ba zan rubuta ba. Haushi nake ji ƙwarai, na mutanen da suka manta da ita shekara arba'in da tara sai da suka buƙaci abin da ke cikin ƙashinta. Ita ko a jikinta. Ta ce ban ji abin da Baba Uwaisu ya faɗa da zai gabatar da ita ga Rumaisa ba? Ya ce ga 'yar Halimatu. Ta ce tun da take ba a taɓa kiran ta haka ba. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba kafin ta tafi, na rantse ina jin kamar in shaƙe ta.

Abin da ya faru a Abuja daga bakinta na ji, da kyar, kaɗan kaɗan. An sauke ta a wani ɗaki kusa da asibitin. Rumaisa tana tsakanin mijinta da yaranta, sai ta leƙo sau ɗaya a wuni. Sauran lokacin Sauda tana zaune ita kaɗai tana jan carbi, ga akwatin talabijin da ba ta san yadda ake kashe shi ba. Muntaka kuwa yana wani ɗaki a rufe, ana ba shi magani mai ƙarfi da zai kashe tsohon ɓargonsa don sabon ya samu wuri, ba a barin kowa ya shiga. Ta gilashi aka nuna mata shi. Ya rame, gashin kansa duk ya zube. Ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa. Ta ce goshin Inna, mahaifiyarsu, ne da shi sak.

Kafin a fara komai an auna ta ciki da waje, sannan wata nas Bahaushiya mai suna Hafsatu ta zaunar da ita ta yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce ba za a taɓa ƙashinta ba. A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi da su ne irin jini, daga gare su duk jinin mutum yake tsirowa. Za a yi mata allura kullum har kwana biyar, allurar za ta sa irin ya yi yawa har ya malalo cikin jini, daga nan inji ya tsince shi. Ta ce, "Mama, iri kawai muke so, ba rumbun za mu ɗauke ba. Naki zai mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni." Ta tambaye ta ko ta gane, ko ta yarda. Sauda ta ce ta gane, ta dangwala hannu a takarda.

Amma ba ta gaskata ko kalma ɗaya ba. Ta ce min ita ma in za a yanka rago takan ba shi ruwa ta shafa masa wuya, don haka ta san lallashi in ta gan shi. Har ta ji yarinyar ta burge ta da iya magana. Ga shi kuma a kwana na uku allurar ta fara aikinta, bayanta da ƙugunta suka ɗau ciwo kamar ta wuni tana daka. An gaya mata hakan zai faru, an ba ta maganin ciwo. Ita kuwa ta ce a ranta, ga shi nan an fara narkar da shi tun daga ciki.

Ranar da za a ɗiba ta yi wanka ta yi alwala, ta tafi da ledar farin yadinta ta tura ƙarƙashin kujera, don kada a wahalar da mutane da nema. Aka kishingiɗar da ita, aka soka mata allura a hannun dama, wata a hagu. Jini ya bi ta siririn bututu ya shiga wani inji mai gurnani a hankali, ya zagaya ya dawo ta ɗaya hannun. Tana kallo tana jiran lokacin da za a shigo da abin fasawa. Can leɓɓanta suka fara tsuwa, yatsunta suka yi sanyi, ta ce to lokaci ya yi, ta kama kalmar shahada. Hafsatu ta lura, ta tambaye ta, ta ce wannan ba komai ba ne, ta ƙara wani magani a ruwan da ake saka mata, tsuwar ta tafi. Haka aka yi awa biyar. Sai kawai aka kashe inji, aka zare allurai, aka manna mata auduga, aka kawo mata shayi da burodi.

Hafsatu ta ɗaga mata wata 'yar leda, abin da ke ciki bai kai cikin kofin shayi ba, launinsa kamar ruwan tumatir da aka tsinka. Ta ce ga shi nan, yau ɗin nan za a ɗaura wa ɗan'uwanta kamar ƙarin jini.

"Sauran fa?" in ji Sauda.

"Babu saura, Mama. An ƙirga, ya isa."

"Ƙashin fa?"

Nas ɗin ta ɗauka ciwon ƙugun take nufi, ta ce kwana biyu zai daina. Ta riƙe mata hannu ta miƙe, ta miƙo mata ledarta daga ƙarƙashin kujera ba tare da ta san abin da ke ciki ba.

Na tambayi Sauda ko ta yi murna. Ta ce murnar daga baya ta zo. Abin da ta fara ji kunya ce, sai kuma wani irin kaɗaici da ba ta taɓa ji ba ko a ranar da aka fita da gawar Gwaggo. Ta ɗauko abu mafi girma da take da shi ta kawo, aka ɗauki ɗan kaɗan aka ce ta tafi da sauran, kuma duk asibitin ba wanda ya san ta kawo shi. Bayan kwana huɗu direba ya dawo da ita. Muntaka yana cikin ɗakin gilashi har lokacin, ba su yi magana ba.

Ta sauka a gidan da ko kaza babu. Matan gari suka samu abin yi, kowa ta gan ta sai ta ce, a'a, mai sallama an dawo? Ita sai murmushi. Na koro mata awakinta tun kafin ta ajiye jaka. Tahira kuwa ta yi kamar ta manta da zancen tukwane, Sauda kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta tambaya ba, sai da na je da kaina na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a ka, na dawo na karɓi gatarin. Har yau Tahira gaisuwar sama-sama take min, ban kuwa rame ba. Kaji dai an riga an cinye biyu.

Kullum da safe sai ta zo wurin zabgaggiyar katangar ta tambaya ko wayata ta yi ƙara. A kwana na goma sha tara Rumaisa ta kira ta ce irin ya kama, jikinsa ya fara yin sabon jini. Daga baya ta sake kira ta ce likitoci sun auna, jinin da ke yawo a jikin Muntaka yanzu na Sauda ne, nasa na da babu shi. Sauda ta sa na maimaita mata wannan maganar sau biyu. Ta koma ɗaki, ranar ban ji motsinta ba sai azahar.

Bayan wata takwas aka ce yana tafe. Tun da hantsi ta ɗora tukunya: tuwon shinkafa, miyar taushe da naman ɗan akuyarta da ta sa aka yanka, ga dambun zogale, ga fura. Ta share tsakar gida sau biyu, ta ari kujerar roba a gidan mai unguwa. Ya iso bayan azahar da takunkumi a fuska da gorar ruwansa a hannu. Rumaisa ta yi ta ba da haƙuri, ta ce likita ya hana shi cin abincin da ba a gida aka dafa ba, ya hana shi kusantar dabbobi, har musabaha an ce ya rage, sai jikinsa ya ƙara ƙwari. Sauda ta ce ai lafiyar ita ce gaba. Ta mayar da murfin kwanukan, ta ja su gefe.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron kirki ne. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kira ta Yaya. Ya kawo mata atamfa da buhun shinkafa da sabuwar waya. Ya tambaye ta kamannin Inna, don shi ba ya tunawa, ta faɗa masa ɗan abin da ta gani a zuwa uku. Ina tsaye a bakin katanga ina ji. Can ya ce:

"Abin da ya kwantar min da hankali, Yaya, likita ya ce ba ki sha wahala ba, kamar ba da jini ne. Wallahi da abu ne mai haɗari da ban yarda a taɓa ki ba."

Na buɗe baki. Ai rantsuwata ta kafin ta tafi ce, ta riga ta ƙare. Sauda ta juyo ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba, na rufe bakina.

"Ba wahala," ta ce. "Zama kawai na yi."

Bai cika awa ɗaya ba suka tafi, saboda hanya. Motar tana ɓacewa na hau ta da faɗa. Na ce mutum ya sayi likkafaninsa saboda kai, sannan a bar ka kana cewa kamar ba da jini ne? Na ce ta ba ni lambar, ni zan faɗa masa. Tana zuba tuwon a ƙananan kwanuka za ta aika wa maƙwabta, ba ta ko ɗago ba.

"In ya sani zai riƙa jin nauyina, Kulu. Ni kuwa so nake ya saba da ni."

Wata biyar ke nan da zuwansa. Ya kira sau biyu, ɗaya ranar Sallah. Sauda ta koma girkin biki, tana fasa ƙashi yadda ta saba. Wayar tana ɗaure a bakin zaninta duk inda ta je, in hayaniya ta yi yawa sai ta ajiye ludayi ta koma bayan danga ta kwance ta, ta duba, ta sake ɗaurewa.